Famfon da zai jure ruwan cin jan ƙarfe: bita ga mai haɗa injin feshin allon lantarki a gida

Wanda ya saba cin allon lantarki a cikin faranti, wato narkar da jan ƙarfen da fenti bai rufe ba da ruwan sinadari domin layukan wuta su fito, ya san yadda abin yake. A zuba ferik kulorayid, ruwan da ke cin jan ƙarfen, a tsoma allon, a yi ta jijjigawa minti 15 ko 20, kafin tsakiya ta fita gefe ya riga ya cinye ta ƙarƙashin fenti, siraran layuka sun tsinke. Feshi ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ruwan da ke dukan allon da ƙarfi yana wanke abin da ya ci nan take, sabo ya maye gurbinsa, don haka jan ƙarfe mai kaurin maikuron 35, wanda shi ne a kan yawancin allunan kasuwa, yakan fita cikin minti 2 zuwa 3 idan ruwan sabo ne kuma da ɗumi. Layi mai faɗin milimita 0.2 ma yana fita da kaifinsa.

Akwatin da tiyo da murfi duk masu sauƙi ne. Famfo ne ke kayar da mutane, kuma kuskuren kusan iri ɗaya ne kullum: a duba lita nawa aka rubuta a kwali, a ga an ce ba ya tsatsa, a saya. Abin da ya kamata a duba biyu ne, wato jerin duk abin da ruwan zai taɓa a cikin famfon, da matsin da zai isa bakin feshi.

Abin da ruwan ke ci da abin da ba ya ci

Ferik kulorayid ba jan ƙarfe kaɗai yake ci ba. Yana cin tagulla, yana cin alminiyam da zafi da hayaƙi, yana kuma cin sitenles, ko nau'in 304 ko na 316. Hasali ma da shi ake gwada juriyar sitenles a ɗakunan gwaji, saboda saurin da yake yi wajen huda shi ƙananan ramuka. Kufrik kulorayid, wanda ake samu idan aka haɗa asid ɗin haidirokulorik da haidirojin ferokzayid aka ci jan ƙarfe da su, shi ma haka yake, ga ƙarin hayaƙin asid da ke bin iska yana sa duk wani ƙarfe na kusa tsatsa. Ƙarfen da ke jure waɗannan biyun a aikace shi ne titaniyam, sai haɗin nan mai tsada na Hastelloy C-276.

A ɓangaren filastik, PP da PVC da HDPE da PVDF da PTFE duk lafiya lau ne. Biyu ne abin gudu, kuma su ne suka fi yawa a famfuna masu araha: nailan da asetal. Asid yana tsinka su a hankali. Ba sa narkewa a idonka, sai bayan makonni ka ga farin gari a jikinsu, sannan tsagewa daidai inda sukuru ya matse. A roba mai laushi kuwa, Viton da EPDM da Santoprene sun dace. Silikon bai dace da asid ɗin haidirokulorik ba. Baƙar robar NBR tana jure ferik kulorayid zalla amma tana taurarewa idan akwai ferokzayid ko fasalfet, wani sinadarin cin jan ƙarfe. Tangaran ɗin alumina, farin nan mai tauri da ake yin sandar wasu famfuna da shi, babu abin da ke samunsa.

Mai amfani da sodiyam fasalfet yana da ɗan sauƙi, domin babu kulorayid a ciki, sitenles 316 yana jurewa. Sai dai ruwan yana mutuwa da wuri idan ya wuce digiri 50, yana kuma fitar da iskar oksijin, don haka ba a rufe shi ruf. Mafi yawan injinan feshi a kan ferik kulorayid ake gina su, kuma da shi za a auna famfunan nan.

Gane filastik ba sai an yi canke ba. Masana'antu da yawa suna buga alama a jikin kayan, kamar >PP< ko >PP-GF30< ko >PA66< ko >POM<. Biyun farko PP ne, na uku nailan, na huɗu asetal. Idan babu alama, a kankare ɗan ɓarɓashi daga ƙafar famfon ko wani kunne da ba ya aiki a jefa a kofin ruwa. PP zalla yana yawo a sama domin nauyinsa kusan 0.9 ne idan na ruwa 1 ne, nailan mai 1.14 da asetal mai 1.41 suna nutsewa. PP da aka cakuɗa da zaren gilashi shi ma yakan nutse, don haka nutsewa ba hukunci ba ce, amma yawo a sama shaida ce mai kyau. Kada a dogara da maganaɗisu wajen neman ƙarfe a ciki, 304 da 316 ba sa kama shi sosai. Sai an kwance an gani da ido.

Lissafin matsi

Bakin feshi, wato nozul, shi ke faɗa wa famfo abin da zai yi. Nozul ɗin feshin gona yana da launi bisa ƙa'idar duniya: a matsin bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi), ruwan lemo yana ba da lita 0.4 a minti, kore 0.6, rawaya 0.8, shuɗi 1.2, ja 1.6. Yawan ruwan yana bin tushen murabba'in matsi, don haka rawaya a bar 2 zai ba da kusan 0.65, a bar 1 kuma 0.46. Wannan da ruwan sha ke nan. Ferik kulorayid mai kauri nauyinsa ya kai kusan 1.4, sai a raba da tushen murabba'insa, wato 1.18, rawaya a bar 2 ya dawo wajen 0.55. Guda huɗu, biyu ta kowace fuska, suna buƙatar lita 2 da ɗoriya zuwa 2.6 a minti. Ba ruwa mai yawa ake nema ba. Matsi ake nema, tsakanin bar 1.5 da 2.5, kuma idan ya sauka ƙasa da bar 1 fankar feshin takan tsuke, gefunanta su zama zare biyu masu kauri, allon ya fito da zane-zane.

A kula da wani tarko a nan. Yawancin nozul ɗin gona masu launi da asetal aka yi su, har waɗanda ke da tangaran a tsakiya jikinsu asetal ne. Lissafinsu yana da amfani, amma a nemi na PP ko PVDF. Rariyar da ke zuwa a bayansu kuma ragarta ta sitenles ce, za ta ɓace cikin 'yan kwanaki.

Famfon maganaɗisu

Wannan shi ne wanda aka ƙera domin irin wannan ruwa. Babu sanda da ta ratso daga moto zuwa cikin ruwa, don haka babu sil ɗin da zai yi yoyo. Moto yana juya maganaɗisu a waje, shi kuma yana jan wani da aka lulluɓe da filastik a jikin farfela. Sanannen misali shi ne jerin MD na kamfanin Iwaki na Japan, wanda jikinsa PP ne mai zaren gilashi, sandarsa tangaran, zoben robarsa FKM, wato dangin Viton. Akwai kwaikwayonsa na Sin masu lambar MP da yawa. A wajen juriya babu na biyunsa a wannan bitar, ana iya barin ruwan a cikinsa wata da watanni.

Rauninsa matsi ne. Famfo mai farfela da mita ake auna ƙarfinsa, wato tsayin da zai iya ɗaga ruwa. MD-15R yana kai mita 2.4 a wuta mai 50Hz, da lita 16 a minti. Lita 16 tana burge mai saye, amma mita 2.4 na ferik kulorayid bar 0.33 ne kacal, feshi ba zai buɗe ba. Waɗanda ke da harafin Z a ƙarshe su ne masu tsayi: MD-20RZ mita 4.9, MD-30RZ mita 8, wanda ya yi daidai da bar 1.1 idan an toshe bakin gaba ɗaya, ƙasa da haka kaɗan idan ruwa na fita. Sai an hau MD-70RZ mai kusan mita 14 kafin a taɓa bar 2, shi kuma ya yi wa ƙaramin akwati girma, ga zafin da zai riƙa zuba wa ruwan.

Takardar waɗannan famfunan tana ɗauke da lamba biyu a jere, ta 50Hz da ta 60Hz, kuma masu talla sun fi son buga ta biyun. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce. Tsayin yana bin murabba'in gudun moto, don haka abin da aka rubuta na 60Hz sai an cire masa kusan kashi 30 cikin 100. Dalili ɗaya ne ke sa feshin ya riƙa hawa da sauka a kan ƙaramin janareta da gudunsa ba ya tsayawa wuri guda.

Nauyin ruwan ma yana da nasa hukunci. Famfon zai ɗaga ferik kulorayid tsayin da zai ɗaga ruwan sha, amma moton zai ɗauki ƙarin kaya kusan kashi 40 cikin 100. Kowane samfuri yana da iyakar nauyin ruwa a takardarsa, kuma a ƙananan nan sau da yawa iyakar ba ta kai 1.4 ba. Abin da ke taimakawa shi ne famfo mai farfela yana rage jan wuta idan ruwan da ke fita kaɗan ne, kuma lita 2 ko 3 da nozul ke buƙata ƙaramin kaso ne na ƙarfinsa. Duk da haka a riƙa taɓa moton a ji. Idan aka ji yana gudu amma feshi ya ɗauke, maganaɗisun ya kuɓuce wa farfela, a kashe nan take, a bari ya tsaya cak kafin a sake kunnawa.

Abu biyu ke kashe shi. Ba ya zuƙo ruwa da kansa, dole a ajiye shi ƙasa da tankin, ruwa ya gangaro masa ta tiyo mai faɗi, gajere, marar lanƙwasa. Kuma ba ya jure gudu a bushe, domin ruwan ne ke sanyaya sandar da zoben da ke juyawa a kanta, idan babu shi filastik ɗin zai narke cikin ɗan lokaci. A kwaikwayon Sin kuma a buɗe kan famfon kafin a zuba komai, a tabbatar sandar fara ce ta tangaran. Irin waɗanda ake sayarwa don abin sha mai zafi, masu kan sitenles, kamanninsu ɗaya amma ba na wannan aikin ba ne.

Hukunci: shi ne na mai yin allo kullum, da sharaɗin ya ɗauki mai Z, ya kuma haɗa shi da nozul na PP mai faɗin baki da aka yi don ƙaramin matsi, ya matso da shi kusa da allon.

Famfon dayafaram na 12V

Shi ne irin wanda ke cikin injin feshin gona mai batir, da manyan 'yan uwansa na Shurflo da Flojet da Seaflo. Moto yana karkaɗa wani faifai, faifan yana tura fatar roba gaba da baya, ƙananan bawul suna buɗewa suna rufewa. A wajen matsi ya wuce buƙata, bar 3 zuwa 5 ba komai ba ne a gare shi, ga lita 3 zuwa 7 a minti gwargwadon girma. Yana zuƙo ruwa da kansa, ana iya ɗora shi sama da tanki, gudu a bushe na ɗan lokaci ba ya cutar da shi, nauyin ruwa bai dame shi ba, kuma 12V kusa da ruwa mai ɗaukar wuta ya fi 230V kwanciyar hankali. Ɗauke wuta a tsakiyar aiki ma ba ya ɓata allo idan a kan batir yake. Feshin da ya fi kyau a gida daga wannan famfon yake fitowa.

Matsalar tana cikin kan famfon, ɓangaren da ruwan ke bi. Kamfani ɗaya yakan fitar da famfo mai siffa ɗaya, wani da kan PP, wani da kan nailan, wani da bawul na Viton, wani EPDM, wani NBR, lambar samfuri ce kawai ta bambanta su. Haɗin da ake nema shi ne kan PP, fatar Santoprene, bawul na Viton ko EPDM. Ko an samu wannan, a kwance sukurorin kai a duba wuri uku. Na farko sukurorin da ke ɗaure fatar da faifan, a wasu samfura kawunansu suna cikin ruwa tsirara. Na biyu bawul ɗin hana komawa da ke bakin fita, wanda sau da yawa yana da sifirin na sitenles. Na uku makunnin matsi, wanda wata siririyar fata ce kaɗai ta raba shi da ruwan. Sifirin ɗin bawul ana iya cire shi gaba ɗaya, injin feshi ba ya buƙatarsa. Sukurori tsirara kuwa sai dai a musanya da na titaniyam, ko a haƙura da famfon. Shafa musu gam ba ya daɗewa, motsin fatar yana ɓamɓare shi.

Makunnin matsi abin ciwon kai ne a wannan aikin. Idan nozul ɗin sun yi wa famfon ƙanƙanta, matsi zai hau, makunnin ya yanke wuta, matsi ya sauka, ya sake kunnawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, har ya ƙone. Gyaran shi ne a tsallake makunnin a haɗa wayar kai tsaye, a sa na'urar rage gudun moto ta PWM, sannan a fitar da reshe daga bakin fita mai komawa tanki da bawul na PVC, domin ko nozul ya toshe matsi ya samu hanya. Reshen yana kuma motsa ruwan tankin, zafi ya daidaita. A ba shi wutar da ta kai amfiya 5 ko fiye ga ƙarami, domin yana fizgar wuta lokacin tashi. Idan za a kafa shi a tsaye, kan famfon ya kalli ƙasa, moto a sama, saboda ranar da fatar ta tsage ruwan ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi boris ya shiga moto.

Na cikin injin feshin gona masu araha ba sa zuwa da takardar da ta faɗi abin da aka yi su da shi. Ana iya amfani da su a matsayin kayan da za su ƙare, a ajiye na canji, a wanke bayan kowane aiki.

Hukunci: ga mai yin allo sau ɗaya ko biyu a mako, wannan ne ya fi dacewa. Feshinsa ya fi na famfon maganaɗisu kaifi, kuɗinsa bai kai ba, amma ba a barin ruwan ya kwana a cikinsa.

Sauran da ake yawan gwadawa

Famfon mai na mota kada ma a fara. Ruwan yana bi ta cikin moton ne, ta kan jan ƙarfen da burushi ke gogawa, wato abincin ruwan kai tsaye. Famfon ruwan wanke gilashin mota yana da matsi daidai gwargwado, amma sandarsa ƙarfe ce mai ɗan sil, kuma an yi shi don gudun daƙiƙoƙi ne, minti 3 a jere yana gasa shi. Na zubar da ruwan injin wanki ba shi da tsayi. Na tankin kifi, irin Eheim 1250 mai sandar tangaran, yana jure ruwan fiye da yadda ake zato, amma mita 2 ne tsayinsa. Ya isa a kwararo ruwa a kan allon da aka jingina, bai isa feshi ba, kuma tsoma wayar 230V cikin ruwan da ke cin ƙarfe ganganci ne. Famfon ƙarin matsi na matatar ruwa ta RO yana da matsi sosai amma ruwansa bai cika wuce lita 1 a minti ba, nozul ɗaya zai iya ciyarwa, kuma kansa yakan zama nailan.

Famfo mai matsa tiyo, wanda ƙafafu ke birgima a kan tiyo suna tura ruwa, ya fi kowa tsabta domin tiyon kaɗai ruwan ke taɓawa. Ƙananan da ake samu suna ba da 'yan ɗaruruwan mililita a minti, don haka wurinsa shi ne ɗiga ferokzayid ko asid don farfaɗo da kufrik kulorayid, da tiyon Norprene ko Viton a maimakon silikon da yake zuwa da shi. Wanda yake da kwamfuresa a shago kuma ya duba ƙaramin famfon dayafaram mai aiki da iska, na PP da fatar PTFE. Babu wuta a jikinsa, yana jure bushewa, matsi kuma daga regileta ake saita shi. Yana bugawa da tsalle-tsalle, yana da ƙara, yana da tsada, amma yana daɗewa.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar famfo sam. A tsayar da bututun PVC mai jerin ƙananan huji a tsakiyar akwati, ƙasansa a cikin ruwa da 'yar farfela a bakin, moto a saman murfi yana juya shi da gudu. Ruwan yana hawa cikin bututun ya watsu ta hujin. Wasu injinan kasuwa ma haka aka gina su. Wahalarsa daidaita bututun don kada ya yi rawa, da hana tururi hawa ya ci boris ɗin moton.

Abubuwan da ke kewaye da famfon

Famfo mai kyau yana mutuwa saboda abin da aka haɗa shi da shi. Ɓarɓashin fenti da lakar da ferik kulorayid ke tarawa suna maƙalewa a bawul da nozul, don haka a sa matata mai ragar PP kafin famfon, mai faɗi, wadda ba za ta shaƙe shi ba. Tiyo ya zama PVC mai zare a ciki ko PE, mahaɗai PP ko PVC. Gejin auna matsi na kasuwa cikinsa tagulla ne, a yi amfani da shi lokacin gwaji da ruwan sha kawai, a yi wa maɓallin PWM alama, a cire shi.

Zafin aiki digiri 40 zuwa 45 ya wadatar. PVC yana fara laushi wajen digiri 60, kuma kowane famfo yana ƙara wa ruwan nasa zafin. A watannin Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ruwan da ya yini a shago ya riga ya kusa zafin aiki, hita ba ta da amfani, ma'aunin zafi ne ake buƙata. Da hunturu kuwa a sa hita mai jikin gilashi ko titaniyam, a tabbatar ruwa ya rufe ta ko da famfo ya janye wani kaso zuwa tiyo.

Feshi yana tayar da hazo mai shiga huhu da ido. Murfin ya zama mai makunnin da ke yanke famfo idan an ɗaga, a jira rabin minti hazon ya kwanta kafin a buɗe, a sa tabarau da safar hannu. Duk abin da ke kan 230V ya bi ta na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, mai 30mA. A ajiye injin gaba ɗaya cikin babban bahon roba da zai iya ɗaukar duk ruwan tankin.

Kafin a amince da kowane famfo, a cire bawul ɗaya da zoben roba da ɗan yankin jikinsa, a jiƙa su mako guda cikin ruwan da za a yi aiki da shi a wuri mai ɗumi. Wanda ya kumbura, ya yi danƙo, ya taurare ko ya yi fari, ya faɗi. Bayan haɗawa a gudanar da injin minti 30 da ruwan sha, a bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda ana neman laima. Wajen wanke famfon dayafaram bayan aiki, a fara barinsa ya tura ragowar ruwan cikin tanki har ya zuƙi iska, sannan a bi da ruwa mai yawa, lita 2 ko 3 a jere. Ruwa kaɗan yana sa ferik kulorayid ya saki jar laka, ita kuma ta bushe a kan bawul ta hana shi rufewa. Ruwan wankin farko yana ɗauke da jan ƙarfe, a tara shi a jarka, a zuba masa sodar wanki kaɗan-kaɗan har kumfa ta tsaya, a bar lakar ta kwanta, a tace ta ta bushe, kada ta bi kwata.